Saiwar Ƙasar Sin Da Zubar Jini A Ciki: Jan Kunne Ga Mutanenmu Na Ikko

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga kasuwar Oyingbo a Ebute Metta ko ya leƙa Agege, ya san magungunan ƙasar Sin sun shigo cikin kayan masu magani, ana jera su kusa da bagaruwa da sassaƙen marke.

Cikin itatuwan da Sinawa ke yawan sakawa a haɗinsu akwai saiwar wani fure da Turawa ke kira fiyoni. Sun fi shekara 1,000 suna amfani da ita. Wani babban malaminsu na magani, Sun Simiao, wanda ya rayu a ƙarni na 7, ya rubuta haɗin da ake ba mai aman jini ko haɓo, akwai wannan saiwa a ciki tare da ƙahon karkanda. A 1993 gwamnatin Sin ta hana cinikin ƙahon.

Ba raina ilminsu ake yi ba. Ai daga wani ganye ɗan uwan tazargade Malama Tu Youyou ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma wannan sai da aka gwada shi a asibitoci. Ita kuwa saiwar fiyoni, binciken masana ya nuna tana iya jinkirta daskarewar jini. Ke nan mai gyambon ciki, ko mai shan asfirin, in ya sha ta yana iya ƙara wa kansa zubar jini.

To, jama'a, ga alamun da ba a yi musu jiƙo: aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, jiri, da zufa mai sanyi. Haka kuma ɗan dako ko ɗan acaɓa da ya faɗi, cikinsa ya ɗaure yana ciwo, ko da babu rauni a waje. Irin wannan a garzaya da shi Asibitin Tarayya na Ebute Metta, wanda a da na ma'aikatan jirgin ƙasa ne, ko asibitin koyarwa na Idi-Araba. A kuma gaya wa likita duk abin da ya sha, kada a ɓoye.

Mai sayen maganin kwalba ya duba lambar hukumar NAFDAC tukuna. Kuɗin asibiti da nauyi, gaskiya ne, amma iyali a gida mutum suke jira, ba labarinsa ba. Allah Ya kiyaye, amin.