Hasken Leza da Hazon Na'ura: Wa Ke Riƙe da Makunnin?

A wata dina da na halarta kwanakin baya, MC yana cewa a miƙe ga amarya nan, sai aka kashe fitilu. Wani farin hazo ya malalo daga gefen dandamali, ya kwanta a ƙasa kamar an zubar da nono, har ya kusa kai wa gwiwa. Ta sama kuma ga wani koren haske siriri kamar zare yana tsaga duhu, ya buɗe kamar mafici, ya sake rufewa. Kowa ya ɗaga waya. Ni kuwa hankalina ya rabu biyu. Ga wani yaro ɗan shekara uku ko huɗu ya zauna dirshan a cikin hazon yana damƙarsa da hannu, kansa kaɗai ake gani. Ga kuma saurayin da ke kula da na'urorin ya karkato zaren hasken nan ƙasa, yana share fuskokin ƙawayen amarya da shi, su kuma sai shewa suke yi.

A gidajen rawa na dare da manyan wasannin mawaƙa na Turai da Amurka aka fi sanin waɗannan kayan ƙawa, can ne kuma aka fara ɗanɗana illarsu har aka kafa musu dokoki. Kayan sun iso ɗakunan bikinmu, dokokin ne ba su biyo su ba.

Leza da hazo kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma akwai dalili. Haske ba ya ganuwa daga gefe idan iska tas take. Duk wanda ya taɓa shiga madafa da hantsi ya ga yadda rana ke ratsowa ta hudar kwano, ta zama kamar sanda a tsaye cikin hayaƙin itace. Da babu hayaƙin, ɗigon haske kawai za a gani a ƙasa. Haka fitilar babur take yi a ƙurar hunturu. Ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska su ne ke warwatso hasken zuwa ido, abin da masanin nan John Tyndall ya yi nazari a kai tun ƙarni na 19. To hazon na'ura aikinsa ke nan, shi ne allon da leza ke rubutu a kai.

Ita lezar, wani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a shekarar 1960 a Kalifoniya. Bambancinta da ƙwan lantarki shi ne, ƙwai yana watsa haskensa ko'ina a ɗaki, abin da ke shiga idonka kaɗan ne ƙwarai. Leza kuwa launi ɗaya ce, hanya ɗaya take bi, ba ta bajewa sai kaɗan ko da ta yi nisa. Ƙarfinta duka yana iya shigewa ta ƙwayar ido a lokaci guda, balle a cikin duhu da ƙwayar ke buɗewa sosai.

A nan gizo ke saƙa. Mu da muka yi ƙuruciya da gilashin ƙara girman rubutu mun san yadda ake tara rana a kan takarda har ta kama da wuta. Idon mutum yana da irin wannan gilashin a cikinsa, aikinsa tattara haske a kan wani lallausan tantani da ke bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina. Idan leza ta shiga, ido da kansa yake ninka zafinta wajen sau 100,000 a kan ɗigo ɗaya. Hasken da in ya sauka a bayan hannunka ko ɗumi ba za ka ji ba, yana iya ƙona wannan tantanin. Abin takaicin kuma, tantanin ba shi da jijiyar jin zafi. Mutum zai ci gaba da rawarsa, sai gari ya waye ya ga wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, ko layukan rubutu sun karkace. Idan ƙunar ta faɗa a tsakiyar tantanin, inda ake karatu da gane fuskoki, sau da yawa tabon ya zauna ke nan.

Wani zai ce ai ido yana ƙiftawa. Yana ƙiftawa, cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Wannan kariya ce daga ƙaramar leza wadda ba ta wuce miliwat 1 ba. Masana sun kasa leza aji-aji: wadda ta kai miliwat 5 ana ganin hatsarinta da sauƙi, daga nan zuwa miliwat 500 tana lahanta ido kai tsaye, wadda ta haura haka ita ce aji na 4, mai ƙona fata da tufafi, wadda ko haskenta da ya dawo daga madubi ko wani abu mai ƙyalli yana iya ɓarna. Na'urorin gidajen rawa da yawa a wannan ajin suke, daga wat 1 zuwa gommai. Wat 1 kaɗai ya ninka miliwat 5 sau 200. Kafin fatar ido ta rufe, aikin gama ya gama.

To me ya sa ba kowa ke makancewa ba? Saboda maficin nan da ramin haske da ake gani, duk ɗigo ɗaya ne. Wasu ƙananan madubai biyu ne a cikin na'urar suke kaɗa shi da tsananin sauri har ido ya ɗauka zane ne a tsaye. Muddin yana gudu, ba ya daɗewa a ido ɗaya. Amma madubi na iya cijewa, sai ƙarfin duka ya tsaya cak a wuri guda, shi ya sa na'urar kirki ke da abin da zai kashe hasken nan take idan hakan ta faru. Mai araha ba lallai ta samu wannan ba. A Amurka sai da izinin hukumar FDA ake wasan leza mai ƙarfi, kuma ƙa'idar ita ce hasken ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda jama'a ke tsaye.

A watan Yulin 2008 an yi wani bikin kaɗe-kaɗe mai suna Aquamarine kusa da garin Kirzhach, arewa maso gabashin Mosko. Lezar da aka kawo ta harba wa sararin sama ce. Ruwa ya sauko, aka kafa manyan rumfunan tamfol, aka kunna ta a ciki, hasken ya koma kan jama'a. Kusan mutum 30 suka je asibiti da ƙuna a tantanin ido, wasu an ce sun rasa har kashi 80 cikin 100 na ganinsu. Na'urar ba ta lalace ba, a hannun wanda bai san ta ba ta faɗa.

A bar ma manyan na'urori. 'Yar koriyar lezar nan mai kama da biro da ake sayarwa a bakin titi, wadda yara ke haska wa juna, ba abin wasa ba ce. Irinta da yawa daga wani haske da ido ba ya gani ake samar da korensu, kuma masu arahar kan bar wannan ɓoyayyen hasken ya fito tare, ba tare da matata ba. Rubutun ƙarfin da ke jikinta ma ba abin dogaro ba ne. Masu ɗaukar hoto kuma su sani, leza tana ƙona idon kyamara, ta bar layi a hoto har abada.

Sai hazo. Wanda ke tashi sama ya cika ɗaki, yawanci ruwa ne da aka haɗa da gilisarin ko gilaikol, na'ura ta dafa shi ta feso, ya haɗu da iska mai sanyi ya zama ƙananan ɗigo. Ga mai lafiya na dare ɗaya, abin bai cika wuce bushewar maƙogwaro da ƙaiƙayin ido ba. Mai asma kuwa yana iya tayar masa da ciwo. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu aikin kullum: wani bincike na Jami'ar British Columbia ta Kanada da aka wallafa a 2005, kan ma'aikatan nishaɗi 101, ya gano cewa waɗanda suka fi daɗewa suna shaƙarsa sun fi fama da ƙuncin ƙirji da numfashi mai ƙara. Babbar ɓarakar ita ce haɗa ruwan a gida don tsimi, domin idan zafin na'ura bai dace da ruwan ba sai ya ƙone ya fitar da sinadarai masu cin huhu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kwanciya a ƙasa, wanda aka fi so don shigowar amarya. Wasu na'urorin hazon ruwa suke sanyayawa da ƙanƙara, wannan da sauƙi. Wasu kuwa busasshiyar ƙanƙara ake jefawa a ruwan zafi. Ita ba ruwa ba ce, iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona hannu in an taɓa ta. Kilo ɗaya yana komawa iska fiye da lita 500. Iskar ba ta da launi, ba ta da warin da zai ankarar da mutum, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen sau ɗaya da rabi, don haka ƙasa take nema. Masu haƙar rijiya sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ake zura fitila kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya. A iskar waje kabon bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba. Idan ya kai kashi 4 ya zama hatsari ga rai, a kashi 10 mutum na iya sumewa cikin 'yan mintoci. Farin hazon zai baje, iskar tana nan kwance.

A watan Fabrairun 2020 a Mosko, wajen bikin zagayowar ranar haihuwa, an zuba kimanin kilo 25 na busasshiyar ƙanƙara a wurin wanka da ke cikin gini. Mutum uku suka mutu, har da mijin mai bikin. A 2013 a birnin León na Meziko ruwan naitirojin aka zuba a wurin ninƙaya, ya kori iskar numfashi daga saman ruwan, mutane suka riƙa sumewa, ɗaya ya shiga doguwar suma. Yanzu a tuna yaron nan da ke zaune a ƙasa, a ɗakin da aka rufe tagogi ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki. Hancin babba yana sama, nasa yana daidai inda iskar ta taru.

Akwai wata illar da ba ta huhu ba. Hazo yana tayar da ƙararrawar gobara, sai wasu masu wuri su kashe ta don kada ta ɓata shagali. Jama'a kuma sun saba ganin hayaƙi, in na gaske ya taso sai su ɗauka cikin wasan ne. Ga tartsatsin wuta da ake kunnawa a gefen amarya da ango. Irinsa ne ya kama rufin wani gidan rawa a Yawunde a Janairun 2022, aƙalla mutum 16 suka rasu, shi ne kuma ya cinye ɗakin biki a Hamdaniya ta Iraƙi a Satumban 2023, inda aka rasa fiye da mutum 100.

Ba cewa nake a daina ƙawata biki ba. Amma wanda ya biya kuɗin ado yana da ikon tambaya: wat nawa ce lezar, wa zai tsaya a kanta, da me ake yin hazon, ƙofa nawa ce a buɗe? A ce wa mai na'ura hasken ya tsaya sama da kawunan mutane, kada ya sauko ko da amarya ce ta roƙa. Wanda hasken ya doki idonsa ya rufe ido ya kau da kai, in ya ga tabo ko dishi-dishi ya nufi likitan ido a ranar, kada ya tsaya ɗiga magani ko sa kwalli. Iyaye mata kuma, don Allah, da zarar kun ga farin hazon nan ya fara malala a ƙasa, ku ɗauki yaranku sama.