BAƘO DA DOKAR ƘWAYA A ƘETAREN IYAKA

Da an gama girbi, ƙauyukan Magarya da Dungas sukan rage mutane. Samari su ɗaura kaya su tafi cin rani Kano, Daura, Haɗeja ko Legas. Makiyaya su kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Wanda Allah ya hore wa, ya shirya tafiya Makka. Kowane matafiyi kuwa sai an ba shi saƙo: wannan ƙunshi na wane ne, wannan jaka a kai wa wance. Al'ada ce mai kyau, da ita zumunci ya rayu tun kafin a san waya. Amma yau akwai saƙon da yake kai mai ɗaukarsa gidan kaso, akwai ma wanda yake kai shi kushewa.

Mutumin Dan Ciyawo ko na Dogo-Dogo ba ya jin kansa baƙo a Babura ko Maigatari. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga dangi, ga surukai. Doka ba haka take gani ba. Da ya tsallake iyaka ya zama ɗan wata ƙasa, kuma dokar wurin da ya taka ita ce a kansa, ko ya san ta ko bai sani ba.

ABIN DA AKE KAMAWA

Da can in an ce kayan maye, wiwi ake nufi. Yanzu babbar masifa ita ce taramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita ne ke rubuta shi. Yawancinsa daga Indiya ake yo shi, a sauke a bakin teku, a shigo da shi arewa. Ƴan ƙwadago suna sha wai don su yi noma ba gajiya. Har shanun huɗa da jakuna wasu ke ba. Ƙarfin aro ne. Bayansa sai farfaɗiya, sai rama, sai mutum ya kasa ɗaga fartanya in bai haɗiya ba.

A jikin kowane kati akwai lamba. A Nijeriya mai lamba 50 da mai lamba 100 ne aka yarda da su, su ma sai da takardar likita. Mai 200 da mai 225, waɗanda aka fi gani a tebur, haramtattu ne ɗungum. Wanda ya koyi lissafi zai iya duba wannan da idonsa. Maganin tari mai kodin kuma, gwamnatin Nijeriya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018.

NIJERIYA

Tsananin ba sabo ba ne. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta yanke kisa ga masu safarar hodar iblis. Ran 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum 3 a Legas. Daga baya an soke kisan. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, masu tare motoci a hanya suna kwance kaya.

Dokar wannan hukuma ta ce mai shigo da miyagun ƙwayoyi, ko mai fita da su, ko mai sayarwa, ana iya yi masa ɗaurin rai da rai. Wanda aka samu da su a hannu, da saninsa, shekara 15 zuwa 25. Alƙali yakan sassauta wani lokaci, amma ba wanda zai ba da tabbacin haka.

Ga inda baƙo ke shan wuya fiye da ɗan gida. Wannan shari'a ba a gaban mai gari ko hakimi ake yin ta ba, balle dattawa su je ban haƙuri. Babbar Kotun Tarayya ce ke yin ta, a Kano, ko Dutse, ko Katsina, kuma da Turanci. Beli yana son mai tsayawa wanda ke da gida da suna a garin. Ɗan cin rani da ke kwana a tasha, wa zai tsaya masa? Sai ya daɗe a tsare tun ba a fara shari'a ba. A gida damina ta faɗi, gona ta kwana, iyali ba su san ma inda yake ba. Daga ƙarshe a sai da sa ko akuyoyi a biya lauya.

SAUDIYYA

A nan maganar ta fi nauyi. Tun 1987 hukuncin mai shigar da miyagun ƙwayoyi Saudiyya shi ne kisa. An ɗan dakata da zartar da shi wajen 2021, aka dawo da shi a watan Nuwamba na 2022. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga cewa daga Janairun 2014 zuwa Yunin 2025 an kashe mutum 597 a kan laifin ƙwaya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu baƙi ne. A cikinsu akwai ƴan Pakistan, da Habasha, da Somaliya, da Nijeriya. Ran 1 ga Afrilu 2019 an kashe wata mace ƴar Nijeriya a kan wannan laifi.

Mutane da dama suna zaton kuɗi zai fid da mutum. Ba haka ba ne. In kisan kai ne, dangin mamaci suna iya yafewa ko su karɓi diyya. Laifin ƙwaya ba shi da dangin da za a roƙa, ba shi da diyya.

Akwai labarin da ya kamata kowane maniyyaci ya ji. A watan Disamba na 2018 wata ɗaliba ta tashi daga filin jirgin Kano zuwa Umra tare da mahaifiyarta. Bayan sun sauka aka zo masaukinsu a Madina aka kama ta. An sami jaka mai taramol da sunanta a jiki. Jakar kuwa ba tata ba ce, ba ta taɓa ganin ta ba. Binciken NDLEA ya nuna wasu mutane ne a filin jirgin Kano suke liƙa sunan matafiya a jakunkunan ƙwaya. Sai da gwamnatin Nijeriya ta sa baki kana aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. A 2025 aka sake yin irin haka da matafiya 3 daga wannan filin jirgi, su ma sai da aka yi makonni kafin a sallame su.

Waɗannan sun sami masu bin kadinsu. Tsohuwar da ta fito daga Waca ko Guci, ba ta karatu, ba ta jin Larabci, in aka miƙa mata takarda ta dangwala yatsa, ba ta san abin da ta amsa ba. Shi ya sa matafiyi zai ƙirga jakunkunansa a gaban mai awo, ya duba yawan da aka rubuta a takardarsa. In biyu ya kawo, kada ya yarda a rubuta uku, ko da an ce taimako ne ga wani alhaji mai kaya da yawa. Mai ciwon da ke shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Goro ma, da ba kowa ke ɗaukarsa bakin kome ba, hukumomin alhazai suna gargaɗi a bar shi gida, don Saudiyya ta hana shiga da shi.

A GIDA MA DA DOKA

Kada a ce Nijar ce mai sauƙi. Akwai doka mai lamba 99-42 ta ran 23 ga Satumba 1999, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga mai nomawa, da mai safara, da mai sayarwa. Akwai ofishin ƴan sanda na musamman, OCRTIS, ga jandarma, ga duwan. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai. A Janairun 2022 an kama hodar iblis fiye da kilo 200 a motar magajin garin Fashi. In mai muƙami bai tsira ba, ɗan kabu-kabu bai kamata ya sa rai ba. Ɗan Nijeriyar da ya zo fatauci ko kiwo Magarya, shi ma baƙo ne a nan, abin da ke samun namu a can shi zai same shi.

Manyan masu wannan sana'a ba sa ɗaukar kaya da kansu. Talaka suke nema: mai babur, mai amalanke, makiyayin da ya san hanyar daji, matar da ba a cika bincikawa ba. Su ba shi jikka biyu ko uku, su ce maganin zazzaɓi ne ko kayan shago. In an kama shi, lambar wayar da suka ba shi ta daina shiga.

Buɗe saƙo a gaban mai shi ba rashin kunya ba ne. Mai gaskiya zai kwance da hannunsa. Wanda ya ce "haba, ba ka yarda da ni ba?" a mai da masa kayansa, ko da ɗan'uwa ne.

In kuwa ƙaddara ta faɗa wa mutum a waje, yana da haƙƙin ya nemi tafinta, kuma kada ya sa hannu ko yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba. Yana da haƙƙin ya ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, tana da wani a Jidda. Iyalin da suka daina jin ɗuriyar nasu su je wurin mai gari, daga nan meri ko ofishin farfe a Magarya ko Dungas, da cikakken sunansa, da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, da sunan garin da aka ji muryarsa na ƙarshe.