Wane ne ya cancanci a kira shi Dakta?

A Najeriya, laƙabin "Dakta" yana hawa kan sunayen mutane iri uku. Akwai wanda ya yi digirin digirgir, wato PhD, bayan shekaru yana bincike, ya kuma kare kundinsa a gaban masana. Akwai likita, wanda digirinsa na MBBS na farko ne, amma al'adar aikinsa ta ba shi laƙabin. Sai kuma wanda jami'a ta karrama da digirin girmamawa.

A kan na ukun ake taƙaddama. Digirin girmamawa lambar yabo ce, ba a zama aji ko rubuta kundi kafin a same shi. Saboda haka bai dace mai shi ya sa "Dakta" gaban sunansa ba. Abin da aka saba a duniyar ilimi shi ne ya rubuta sunansa, sannan haruffan digirin, ya biyo da kalmomin Latin "honoris causa", ma'ana don girmamawa. Yadda ake rabon irin wannan digiri barkatai ne ya sa shugabannin jami'o'in ƙasar nan suka cimma matsayar Keffi a 2012, wadda ta hana bai wa masu riƙe da muƙaman siyasa shi suna kan kujera. Lamarin ya wuce batun ado, domin mai neman shawarar gwani yana iya ɗaukar attajirin da aka karrama a matsayin masanin fannin.

Shi kuwa wanda ya yi karatun, ana kiransa Dakta a jami'a, da taron ilimi, da wasiƙun aiki, amma sai bayan majalisar jami'a ta amince da sakamakonsa. Ɗalibin da bai kammala ba bai kai ba tukuna. A rubuce ana zaɓar ɗaya: ko "Dakta" a gaba, ko "PhD" a baya, haɗa su maimaici ne. Idan ya kai matsayin Farfesa, wannan ya wadatar, ko da yake a Jamus akan jera duka biyun.

Wurin da ya fi buƙatar hattara shi ne labarin lafiya. Idan mai digirin digirgir a tarihi ko tattalin arziki ya yi magana kan wata cuta, wajibi ne ɗan jarida ya faɗi fanninsa, don kada mai karatu ya zaci likita ne ke ba shi shawara.