Tsohon faifan ajiya a sabuwar kwamfuta: Abin da ya kamata ma'aikaci ya sani kafin ya jona

Ranar da kwamfutata ta ƙi tashi, bayan shekara bakwai tana yi mini hidima, kuɗin sayen sabuwa ya dame ni, amma abin da ke cikin tsohuwar shi ya hana ni barci: hotunan mahaifina na ƙarshe, kundin digirina, da rubuce-rubucen da ban taɓa kwafa a ko'ina ba. Mai gyara ya kwance 'yan sukurori, ya zaro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya miƙo mini. Ashe babban allon na'urar ne ya ƙone, faifan ajiyar kuwa lafiyarsa ƙalau. Da ɗan akwatin roba da wayar USB, kafin la'asar komai nawa ya bayyana a sabuwar kwamfutar.

Sai dai a cikin abin da ya bayyana har da takardun wani wurin aiki da na bari shekara huɗu da suka wuce, ɗauke da sunayen mutane da lambobin asusunsu na banki. Ban san ina riƙe da su ba. Tun daga ranar nake kallon tsohon faifai a matsayin abu biyu a haɗe: dukiya ce da bai kamata a jefar ba, kuma amana ce da bai kamata a sake ta sakaka ba.

Maganar ta zo a kan gaɓa. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta zamani, sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Ga kuma matsin da ma'aikatun tarayya ke ciki na rage aiki da takarda. Saboda haka ana ta sauya na'urori a ofisoshi da gidaje, kuma kowace tsohuwar na'ura da aka jingine a lungu tana da faifai a cikinta.

Wane irin faifai ne a hannunka?

Faifan ajiya, wanda aka fi sani da had disk, tsohuwar fasaha ce. Kamfanin IBM ne ya fara sayar da shi a 1956, da faya-faye 50 masu faɗin inci 24, kuma duk girman nan abin da yake ɗauka bai wuce megabait biyar ba, wato kamar hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Ƙa'idar aikinsa ba ta sauya ba har yanzu: faya-faye masu maganaɗisu suna juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata allura tana shawagi a kansu tana rubutu da karatu.

Kafin a je kasuwa, a duba abu biyu. Na farko shi ne girma. Faifan kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 2.5 ne, kuma wutar da ke fitowa daga kafar USB ta ishe shi. Na kwamfutar tebur mai inci 3.5 ne, yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, don haka dole akwatinsa ya zo da cajarsa ta daban. Da yawa sukan sayi waya kawai, su jona babban faifai, ya ƙi motsi, su ɗauka ya mutu alhali yunwar wuta ce ke damunsa.

Na biyu shi ne bakin jonawa. Faifan da aka yi daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau kusan duk SATA ne, mai siririyar kafa. Wanda ya girme su yana da layin allurai masu yawa da faffaɗar waya kamar ɗamara, shi ake kira IDE. Sababbin kwamfutoci ba su da gurbinsa, sai an nemi mahaɗi na musamman. Wanda bai tabbatar ba, ya ɗauki hoton bakin faifan da wayarsa ya nuna wa masu shago a Banex Plaza da ke Wuse 2, ko a Computer Village da ke Ikeja, ya ce kesin yake nema.

A ciki za a ɗaura shi ko a waje?

Idan sabuwar kwamfutar ta tebur ce, sau da yawa akwai gurbin ƙarin faifai a ciki. A kashe ta, a zare wayar wuta, a ɗaure faifan da sukurori, a jona masa wayar SATA da ta wuta. Idan na'urar tana cikin garanti, a fara tambayar dillali ko buɗe ta zai soke shi.

Siraran kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu kuwa yawanci ba su da wannan gurbi. Abin da ke cikinsu ɗan siririn allo ne kamar tsinken cingam, wanda ake kira M.2. A nan kesin shi ne mafita, kuma ko da akwai gurbi, ya fi dacewa a fara da shi, domin yana ba da damar a duba faifan, a kwashe abin da ake so, a zare shi ba tare da an taɓa cikin sabuwar na'ura ba.

Kuskuren da aka fi yi

Mutum ya saba da tsohuwar kwamfutarsa, ya san inda komai yake, don haka sai ya so sabuwar ta riƙa tashi daga tsohon faifan domin komai ya dawo yadda ya bar shi. Wannan kamar a sayi sabuwar mota ne a ɗaura mata tayoyin amalanke.

Dalili na farko shi ne gudu. Faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa idan yana cikin ƙoshin lafiya. Ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, tana kai wa kusan 550 a kan SATA, irin ta NVMe da ke cikin sababbin na'urori kuwa tana haura 3,000. Wanda ya ɗora Windows a kan tsohon faifai ya zubar da mafi yawan abin da ya biya kuɗi dominsa.

Dalili na biyu shi ne jituwa. Tsohuwar Windows an daidaita ta ne da kayan cikin tsohuwar na'ura. Tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, musamman idan an tsara faifan da tsohon tsarin MBR alhali sabuwar na'urar tana neman GPT. Ko ta tashi, lasisin da ya zo tare da tsohuwar kwamfuta daga masana'anta a ɗaure yake da allonta, ba ya bin faifai zuwa sabon gida. Haka manhajoji irin su Word da Excel, kwafe foldarsu ba ya sa su aiki, sai an sake girka su.

Hanyar da ta fi ita ce a bar Windows da manhajoji a kan SSD ɗin da sabuwar na'ura ta zo da shi, tsohon faifan ya zama rumbu na biyu: hotuna, bidiyo, tsofaffin takardu. Idan an ɗaura shi a ciki sai na'urar ta nemi tashi daga gare shi, a shiga saitin BIOS a mayar da sabon faifai sahun farko.

Ƙofofin da ka iya kasancewa a kulle

Akwai abubuwa uku da kan tsorata mutum a ranar farko. Idan Windows ta ce ba ka da izinin shiga foldar tsohon mai amfani, wannan ƙaramin abu ne, mai ikon gudanar da na'urar yana iya ba da izini nan take. Idan ta nemi mabuɗin BitLocker, to an rufe faifan da makullin sirri, kuma sai da lambar nan mai alƙaluma 48 za a buɗe shi. A na'urar gida, yawanci tana ajiye a asusun Microsoft na mai ita. A na'urar ofis, tana hannun sashen fasahar sadarwa. Babu mai gyaran da zai fasa wannan makulli, don haka a nemo lambar tun tsohuwar kwamfutar tana da rai.

Na uku shi ne mafi haɗari: saƙon da ke cewa sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi. Kada a amsa da eh. Yana iya nufin faifan daga Mac ko Linux ya fito, ko teburin bayanansa ya lalace, alhali kayan suna nan. A zare shi a nemi wanda ya iya.

Kafin a buɗe ko da fayil ɗaya, a bi faifan da manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta. Faifan da ya shekara biyar ana soka wa na'urarsa filas daga shagunan buga takardu ba a raina abin da zai iya ɗaukowa.

Sauran kwana nawa gare shi?

Da tsohuwar zuma ake magani, amma faifai ba zuma ba ne, kullum tsufa yake yi. Kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyar kansa, tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna shi. A duba awannin da ya yi yana aiki, da adadin gurabun da suka lalace aka musanya su. Idan wannan adadi yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan yana bankwana ne. Idan kuma ana jin yana ƙas-ƙas ko yana ƙara kamar ana karce ƙarfe, a kashe shi nan take, domin kowane juyi yana ƙara ɓarna.

Ko rahoton ya yi kyau, kada tsohon faifai ya zama wuri ɗaya tilo da abu mai muhimmanci yake. Masu harkar suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, babban faifan da ke jone da soket yana buƙatar UPS, domin yankewar wuta ana tsakar rubutu tana lalata fayil. Kuma faifai mai juyawa ba ya jure faɗuwa, ko daga kan tebur ne.

Kayan wa ke ciki?

A nan ne lamarin ma'aikacin gwamnati ya bambanta da na sauran jama'a. Faifan da ke cikin kwamfutar ofis kayan gwamnati ne, ko da na'urar ta mutu, ko da mai gidan da ake yi wa hidima ya sauka daga muƙami. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake rabuwa da kadarorin gwamnati, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan duk hukumar da ta tattara su. Hadimin da ya zare faifan ofis ya tafi da shi gida don kwashe hotunansa yana iya tafiya da jerin albashi, takardun kwangila da wasiƙun sirri ba tare da ya nufa ba. Abin da ya dace shi ne ya nemi sashen fasahar sadarwa su kwafe masa nasa, faifan ya zauna a inda yake.

Haka nan a ɗaya ɓangaren: faifan gida da aka yi aikin ofis a kansa, kamar nawa, sai an tace shi. Kuma gogewa ta yau da kullum ba ta wadatar. Duk wanda ya san rajistar ma'aikata zai gane misalin: idan aka yage katin da ke nuna inda fayil yake, fayil ɗin yana nan a kan kanta, wanda ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya zai same shi. Abin da kwamfuta ke yi ke nan idan aka goge fayil ko aka yi fomatin na gaggawa.

An sha ganin sakamakon haka. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka samu a tsofaffin faya-faye 158 da suka saya. Guda 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000. A 2006 wani binciken BBC ya gano bayanan bankin mutanen Birtaniya a faya-fayen da ake sayarwa a Legas. A 2022 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan na'urorinsa masu ɗauke da bayanan abokan hulɗa sun ƙare a gwanjon intanet. Idan babban banki zai yi wannan sakaci, kwamfutar da aka ba ƙani ko aka sayar wa ɗan gwangwan ba ta fi ƙarfinsa ba.

Maganin ba shi da tsada. Ga faifai mai juyawa, bayan an kwashe abin da ake so, a yi cikakken fomatin, wato a cire alamar da ke kan zaɓin gaggawa. Tun daga Windows Vista, wannan yana rubuta sifili a kan kowane gurbi. Yana cin awanni, amma yana shafe tsohon rubutu. Ga SSD, a yi amfani da manhajar sharewa ta kamfanin da ya ƙera shi, domin yadda yake rarraba rubutu ya sa bi ta kai ba ya tabbatar da an taɓa ko'ina. Faifan da ya mutu, wanda ba a iya sharewa, a huda faya-fayensa kafin a rabu da shi.

Ni dai na kwashe hotunan mahaifina zuwa wuri uku, na yi wa tsohon faifan cikakken fomatin na dare guda, takardun da ba nawa ba suka tafi tare da shi. Yanzu yana cikin kesinsa a aljihun tebur, ina jona shi duk ranar Asabar in zuba masa kwafin aikin mako.