Tartsatsin wutar lantarki: yadda ake gwada roba

Ƴan uwa, kun taɓa tsayawa wurin mai walda a kasuwar Gidan Rumji? Hasken nan da ke kashe ido, wutar lantarki ce ke tsallakawa ta iska daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Zafinta har ƙarfe yake narkarwa.

Ƙaramin irinsa yana faruwa cikin gida. In waya ta kwance, ko ɓera ya ci robarta, ko an ɗaura waya biyu an naɗe da leda, wuta takan yi tsalle. Sai ka ji tas-tas, ka ji ƙaurin roba. Wutar NIGELEC da ke shigo mana daga Katsina ta Gazawa tana yin haka. Batirin sola ma yana yi.

Shi ya sa ake gwada robar makunni da ta soket. A Amurka akwai wata ma'aikata, UL, wadda aka kafa a 1894. Ga yadda suke yi. Suna aza ƙarfe biyu bisa robar, ɗaya a kafe, ɗaya yana motsi. Su saki wuta mai ƙarfin volt 240. Ƙarfen ya taɓa ɗan uwansa, ya ja baya, tartsatsi ya tashi. Sau 40 cikin minti guda. Mai gwaji yana ƙirgawa har robar ta kama wuta. In an kai 200 ba ta kama ba, sai a tsaya. Wadda ta jure sau 120 ko fiye, ita ce ta sahun gaba. Wata kuwa ko 15 ba ta kaiwa.

Ido ba ya bambanta su, duka farare ne masu sheƙi. Don haka soket ɗin da ya yi baƙi, ko yana zafi in ka taɓa, a cire shi yau.

To, zana da karan hatsi fa? Waɗannan ba sai an gwada ba, balle da hunturu. Kada a rataya waya jikin zana ko kusa da rumbu. A sa ta cikin bututu, a bi katangar ƙasa. Ɗaurin waya aikin mai gyaran wuta ne.

In wuta ta tashi a waya, kada a zuba ruwa. A kashe babban makunni tukuna, sannan a zuba rairayi.