Wuƙar da Ke Yanka Ƙarfe: Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Idan haƙorin giyar injin casar masara ya karye ana tsakiyar kaka, manomi ba ya neman farfesa. Sabon Gari yake nufa, wurin masu injin sassaƙar ƙarfe. A can, gyaran ya dogara ne ga wata 'yar wuƙa mai haƙora da ke juyawa tana cin ƙarfe, wadda ba kowa ya san darajarta ba.

Wuƙaƙen nan iri-iri ne. Akwai mai kama da yatsa, wadda ke yanka da bakinta da gefenta. Da ita ake fafe gurbi a jikin sandar inji. Akwai mai faɗin fuska, wadda ke daidaita saman ƙarfe ya yi sumul. Akwai siririya mai kama da faifai, mai tsaga ƙarfe kamar zarto. Sai ta fitar da haƙoran giya, wadda ke zuwa takwas-takwas ga kowane girman haƙori: lamba 8 ta giya ce mai haƙora 12 zuwa 13, lamba 1 kuwa daga 135 zuwa sama. Wanda ya ɗauki wadda ba ita ba, giyarsa za ta shiga, amma za ta yi ƙara ta cinye da wuri, kuɗin manomi ya bi ruwa.

Nan gizo ke saƙar. Akasarin wuƙaƙen daga ƙetare ake shigo da su, duk faɗuwar naira sai ta taɓa farashinsu. Wasa su kuma sai da inji na musamman da ilimin kusurwa, domin dakusasshiyar wuƙa zafi take yi ta ɓata aiki.

Ilimin nan yana Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen injiniyan injuna, Cibiyar Binciken Aikin Gona kuma ta daɗe tana ƙirƙiro injinan sussuka. Hannun da zai yawaita su, ya gyara su, yana Sabon Gari, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Shawararmu ita ce jami'ar ta riƙa shirya wa masu sana'ar gajeren horo da Hausa kan zaɓen wuƙa da wasa ta, ta kuma tura ɗalibanta su koyi aiki a hannunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.