Mece ce dokar Vos estis da ake muhawara a kanta a cocin Katolika?

Vos estis lux mundi, wato "ku ne hasken duniya", doka ce da Fafaroma Francis ya kafa a watan Mayun 2019, bayan shekarun da aka shafe ana zargin shugabannin cocin da rufa asirin limaman da suka yi lalata da ƙananan yara. Dokar ta wajabta wa kowane limami sanar da hukumar coci duk zargin da ya ji, ta kuma umarci kowane dayosis, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, da ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi. Idan bishop ne ake zargi, babban bishop na lardin ne yake bincike da izinin Vatikan.

Nan ne saɓanin yake. Masu goyon bayan Francis suna kafa hujja da korar Theodore McCarrick, tsohon kadinal na Amurka, daga limanci a 2019, yayin da ƙungiyoyin waɗanda aka ci zarafinsu suke cewa bishop yana binciken bishop ne kawai, kuma dokar ba ta tilasta kai ƙara ga 'yan sanda ba sai inda dokar ƙasa ta buƙaci haka, sukar da ke da ƙarfi ƙwarai.

A Nijar, alal misali, tsirarun Katolika na Madawa, Buza da Keita suna ƙarƙashin dayosis na Maraɗi da aka kafa a 2001, saboda haka can ƙorafinsu zai nufa, sai dai in ya shafi bishop, wanda binciken nasa yake hannun babban bishop na Yamai.